Motar da ba ta wuce unguwa: caja, doguwar tafiya ko hasken rana, wanne zai riƙe batir?

Motar kawuna a Makka ba ta san hanya mai nisa ba. Da safe ta kai jikoki makaranta, abin da bai kai kilomita biyu ba daga gida, da azahar ta ɗauko su, bayan la'asar wataƙila ta leƙa baƙala, wato kantin unguwa, ko wajen masu kayan miya a Shara Mansur, daga nan sai gobe. Corolla ce mai lafiya, inji ƙalau, amma cikin shekara biyu da 'yan watanni batir uku ta ci. Ranar da na zo daga Jidda gaishe shi na tarar da bonet a buɗe, maƙwabci ya matso da tasa motar ana haɗa waya, abin da a nan ake cewa ishtirak. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka san kan waɗannan abubuwa, gaya mini gaskiya. Baturan yanzu ne ba su da albarka, ko mai shagon ne yake cutata?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ba lallai ne wani ya cuce ka ba. Motar ce ba ta ciyar da batirin ya ƙoshi, zafin garin nan kuma yana cin sa ta ɗaya gefen."

Wannan matsala ba ta Kawu ce shi kaɗai ba. Dattawanmu da suka daina zirga-zirga, da matan da suka fara tuƙi tun da aka ba su dama a watan Yuni na 2018 waɗanda yawanci tafiyarsu makaranta ce da asibiti da kasuwa, da mai mota biyu da ɗaya take kwana uku ba a taɓa ta ba, duk abu ɗaya ke damun su. Hanyoyin magance ta suna da yawa, amma ba duka suka yi daidai da kowa ba, wasu ma asarar fetur ce kawai. Kafin a zaɓa sai an san ina wutar take zurarewa.

Mutane da dama suna ɗauka tayar da inji ne babban ɓarawo. Gaskiya ne sitata tana jan wuta da ƙarfi, amfiya 150 zuwa 300 a ƙaramar mota mai fetur, amma na daƙiƙa biyu ne ko uku. In ka lissafa amfiya 200 na daƙiƙa uku, bai kai 0.2Ah ba (Ah, wato amfiya-awa, shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), alhali batirin irin wannan mota an rubuta masa 55Ah ko 60Ah a jiki. Dinamo, wanda a gida ake cewa altaneto, yana mayar da wannan cikin 'yan mintuna. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Inda wutar take tafiya shi ne lokacin da motar take kwance. Ko an zare makulli, kwamfutar mota da agogo da rimot da na'urar hana sata suna tsotsar kaɗan-kaɗan, miliamfiya 20 zuwa 50 a mota mai lafiya. Miliamfiya 50 a yini ɗaya 1.2Ah ke nan, a mako ya wuce 8Ah. Batirin da kansa kuma yana zubar da caji ko ba a jona shi da komai ba, kuma ka'idar da aka sani ita ce wannan zubarwar tana ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Ga kuma yadda muke tuƙi: kana shiga ka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, har ƙarshe, fankar ciki tana gudu, fankokin lagireto suna gudu, ga zahama, wato cunkoson motoci, injin yana kan silo a bakin fitilar hanya. A wannan hali dinamo ba ya ba da ƙarfinsa duka, abin da ya samar kayan motar sun raba, saura kaɗan ke isa batir. Kafin ya fara cika ka isa makaranta ka kashe.

Cajin batir kamar cika buhun gero ne. Da farko zuba kawai kake yi yana shiga, amma in ya kusa baki sai ana girgizawa ana dannawa a hankali. Kason ƙarshe na cajin, wajen kashi 20 cikin 100, awoyi yake ɗauka komai ƙarfin dinamo, domin batirin ne ba ya karɓa da sauri. Tafiyar minti bakwai ba ta taɓa kaiwa wannan wuri. Irin wannan batir na darma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, yana da hali guda da bai canja ba har yau: in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan kama farantan darmar ciki ya taurare, caji ya kasa narkar da shi. Wurin da gishirin ya rufe ya mutu ke nan. Shi ya sa batirin da yake rayuwa rabin ciki yakan tsufa kafin lokacinsa.

Zafi kuwa nasa aikin daban. Yana ƙafar da ruwan batir, yana sa ragar darmar da ke riƙe farantai ta yi saurin lalacewa. An auna digiri 52 a Jidda a watan Yuni na 2010, an auna 51.8 a Makka a watan Yuni na 2024, ƙarƙashin bonet kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya sa ran dabara za ta ba shi shekara biyar ko shida kamar yadda ake samu a ƙasashen sanyi. Abin da muke nema shi ne batir ya cika kwanansa, kada ya mutu a wata takwas.

Kafin ka sayi komai, auna

Ƙaramar mitar auna wuta ta fi duk abin da zan lissafa arha, kuma ita ce za ta gaya maka wace hanya ce taka. Ka auna da safe kafin a tayar da mota, bayan ta kwana. In ka buɗe ƙofa don ɗaga bonet, ka rufe ta ka jira 'yan mintuna kwamfutar ta koma barci. Bolt 12.6 ko 12.7 batir ya cika. 12.4 wajen kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi. 12.0 ya kusa ƙarewa. Ta Kawu 12.1 ta nuna, a batirin da bai yi wata biyar ba. Sai ka tayar da inji ka sake aunawa: tsakanin 13.8 da 14.5 dinamo yana aiki. Wasu sababbin motoci sukan sauke wannan da gangan don tsimin mai, saboda haka ganin 13 a irinsu ba ciwo ba ne, amma tsohuwar mota da ta tsaya a 12 da wani abu inji yana aiki, a duba dinamo da fanbel.

In batir yana cika amma kwana biyu ya zube, wani abu ne ke sata. Kyamarar gaban gilashi da aka jona kai tsaye, na'urar bin sawun mota, allon Android da aka saka a kasuwa, fitilar but da ba ta mutuwa, su ne na farko da ake zargi. Kahraba'i, wato mai gyaran wutar mota, in mai kyau ne, zai saka mita tsakanin batir da waya ya riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har ya kama ɓarawon. Wanda bai yi wannan ba ya je ya sayi caja, ya ɗinke baki ne ya bar ramin gindin buhu.

Barin mota a kunne tana tsaye

Wannan ita ce dabarar da kowa ya fara kawowa, ita kuma na fi ƙi. Kawu ma ita yake yi: bayan asuba ya tayar da motar ya bar ta minti goma "ta yi caji", da mukayyif a kunne don ta huce kafin yara su fito. Kusan babu abin da yake shiga batir a haka. In an kashe mukayyif da fitila da rediyo, eh, wani abu zai shiga, amma kaɗan ne, ga fetur wajen lita guda a awa yana ƙonewa a banza. Motocin yanzu masu injekta ba sa buƙatar a ɗumama su haka, balle a garin da asubarsa ma ɗumi ne. Akwai kuma haɗarin da ya fi batir: hayaƙin salansa a garejin da ke rufe yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, yaro kuma yana iya shiga motar da take a kunne. A dokar Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ma, barin mota a buɗe tana aiki bayan direba ya fita laifi ne da ake ci wa tara.

Doguwar tafiya sau ɗaya a mako

Wannan ta gaske ce. Minti 40 zuwa awa ɗaya a babbar hanya, inji yana juyawa daidai ba tsayawa, dinamo yana ba da abin da ya isa kayan mota har ya yi saura. Ga mutumin Makka hanyar Jidda ce mafi sauƙi, kilomita 70 zuwa 80 gwargwadon unguwar da za ka, ko ka hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'if ka sha iska. Gudu ba ya ƙara caji, lokaci ne ke ƙarawa, don haka babu dalilin da zai sa kyamarar Sahir, mai kama masu gudun wuce ƙa'ida, ta ɗauke ka.

Abin da ya sa nake ganin darajar wannan hanya shi ne ba batir kaɗai take yi wa magani ba. Injin da kullum ake kashe shi kafin ya yi zafi sosai, ruwa da ɗanyen fetur suna taruwa a cikin bakin mai, salansa tana tsatsa daga ciki, fulogi suna baƙi. Doguwar tafiya tana ƙone wannan duka. Babu wata caja da za ta yi maka haka.

Amma a duba kuɗi. Tun watan Yuli na 2021 aka tsayar da litar fetur mai lamba 91 a riyal 2.18. Zuwa Jidda da dawowa, ka ce kilomita 150, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci lita 12, riyal 26 ke nan. Sau huɗu a wata ya wuce riyal 100, a shekara ya wuce 1,200, kuɗin batir fiye da ɗaya. In dama kana da zumunci a Jidda ko Bahra da kake zuwa, to ka ɗauki motar da ke kwance maimakon wadda kake hawa kullum, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In kuwa don batir kawai za ka fita, lissafin bai fita ba. Sannan batirin da ya riga ya faɗi ƙasa da 12.2, tafiyar awa ɗaya ba za ta cika shi ba, za ta ɗaga shi ne ya iya tayar da mota gobe. Shi ya sa wanda aka yi wa ishtirak ya zaga unguwa minti ashirin yakan sake neman maƙwabci bayan kwana uku. Motoci masu dinamon da kwamfuta ke sarrafawa kuma wasunsu da gangan suke barin batir bai cika taf ba, komai nisan tafiya.

Ga dattijo kamar Kawu, wanda idonsa ba ya son hasken fitilun dare, ba zan ce ya hau babbar hanya saboda batir ba. Sai dai ɗaya daga cikin samarin gidan ya karɓi makulli ranar Juma'a.

Caja mai sarrafa kanta

Ga wanda motarsa take kwana kusa da soket, ban ga abin da ya kama ƙafar wannan ba. Ba irin babbar cajar garejin gyara nake nufi ba, wadda ake jona batir a bar shi yana tafasa har sai an tuna. Ƙarama ce, tsawon tafin hannu ko fi kaɗan, tana da kwakwalwa a ciki. Tana farawa da ƙarfi, in batir ya kusa cika ta riƙe shi a wajen bolt 14.4 tana rage abin da take turawa, in ya cika ta sauka wajen 13.6 ko ta tsaya tana jira. Wato ita ce mai haƙurin girgiza buhun nan har ya cika baki, aikin da dinamo ba ya samun lokacin yi.

Kuɗin wutarta ba abin magana ba ne. Batir mai 60Ah gaba ɗayansa bai kai kilowat-awa ɗaya ba, kilowat-awa kuma a gidajen zama halala 18 ne (halala 100 ke yin riyal ɗaya) a matakin farko, tun farashin Janairu 2018, ban da haraji. Ka kwatanta da riyal 26 na zuwa Jidda. Kuɗin sayenta ne mai ɗan nauyi, mai kyau tana iya kusantar kuɗin sabon batir, amma sau ɗaya ne, kuma za ta yi wa motocin gida duka aiki.

Wajen zaɓe, ka duba amfiya. Abin da ya dace shi ne wajen kashi ɗaya cikin goma na lambar batir, wato mai 60Ah ya samu caja mai amfiya 5 ko 6. Irin wannan za ta ɗauki batirin da ke rabi ta cika shi a dare ɗaya. Ƙanana masu amfiya 1 ko ƙasa da haka na riƙe batirin da ya riga ya cika ne, sun fi dacewa da motar da za a ajiye a gareji a jone wata da watanni. Ka tabbata tana da kariya in an juya wayoyi, ba ta tartsatsi, tana da wurin zaɓen AGM, wani irin rufaffen batir da ba a ƙara masa ruwa, in so samu ne kuma tana rage bolt da kanta in ta ji zafi, domin batir mai zafi ƙaramin bolt yake so, in an matsa masa sai ya riƙa ƙafewa. CTEK ta Suwidin da NOCO ta Amurka sanannu ne, CTEK MXS 5.0 da NOCO Genius 5 duk amfiya 5 ne. Akwai masu arha da suke aiki, amma wadda ba ta da suna, ba ta da takarda, an rubuta mata amfiya 20 a kwali mai nauyin kwalin ashana, ba zan bar ta a jikin mota in je in kwanta ba.

Wani abu da ya shafi tsofaffin gidajenmu: har yanzu akwai masu soket iri biyu, 127 da 220, tun kafin ƙasar ta koma tsarin 230. Ka karanta bayan cajar. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana iya zama ta 120 kawai, wadda aka yi wa Turai ba za ta tashi a 127 ba.

Jonawa ba wuya. Jan kan a kan alamar ƙari, baƙin a jikin ƙarfen mota ko inji nesa kaɗan da batir, sannan a saka fulogi a bango. In an gama a fara zare na bango. Saka baƙin a jikin ƙarfe yana da dalili biyu: batir yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ba a son tartsatsi a bakinsa, sannan motocin da ke da na'urar lura da batir a kan wayar ragi ta haka ne suke sanin an ƙara caji. A yi da dare, a wuri mai iska, bayan injin ya huce, ba taba ba ashana. Ga mai gajerun tafiye-tafiye, sau biyu a wata ya isa, lokacin zafi da kuma azumi, da ake ta fita da dare cikin zahama da fitila da mukayyif, a mai da shi duk mako.

Matsalarta ɗaya ce, amma babba: soket. Yawancinmu a imara muke, wato dogon bene mai gidaje da yawa, gidanmu a hawa na uku, mota a bakin titi duk inda aka samu wuri. Yayata a Jidda haka take. Na ce mata, "Yaya, ko haris, mai gadin ginin, zai bar ki ki jona a ɗakinsa na ƙasa?" Ta ce, "Ƙanena, ni da samun wurin ajiye motar a layinmu ma sai an dace, ina zan same shi a ƙofar haris?" Gaskiyarta. Kada kuma a sako waya ta taga ta ratsa hanyar mutane. Mafita biyu ce. Ko ka kai motar gidan ɗan'uwa mai hosh, wato tsakar gida, ranar da ka je wuni, ka jona tun hantsi ka zare bayan isha. Ko ka kwance batirin ka hau da shi, ka yi cajin a baranda, ba a ɗakin kwana ba. Nauyinsa wajen kilo 15 ne, akwai asid a ciki, dole a ɗauke shi a tsaye, kuma cire shi yana goge agogo da tashoshin rediyo, wasu motocin sai an sake saita gilasan ƙofa. Sau ɗaya a wata matashi zai iya, amma ba aikin da zan ɗora wa uwa mai yara ba ne.

Kada kuma a yi zaton caja tana ta da matacce. Wasu suna da maɓallin farfaɗowa, yana ɗan taimakon batirin da gishirin bai daɗe da kama shi ba. Wanda ya kumbura, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ya cika da dare ya wayi gari a bolt 10 da rabi, ɗaya cikin ɗakuna shida da ke cikinsa ya mutu, sai canji.

Farantin hasken rana

A takarda wannan ce ta dace da mai mota a titi, rana kuma ba ma rasa ta. Faranti mai wat 10 yana ba da wajen rabin amfiya in rana ta buge shi kai tsaye, a yini ya tara 2Ah zuwa 3Ah. A bayan gilashin mota, balle mai duhu ko mai ƙura, abin yana raguwa sosai. Ko da haka yana iya rufe satar miliamfiya 30 ko 50 ɗin nan. Ma'ana yana riƙe cikakken batir kada ya sauka, amma ba zai ɗaga wanda ke rabi ba sai bayan makonni. In za a saya a ɗauki wat 10 zuwa 20, tare da ƙaramar na'urar daidaita caji, kada ya wuce gona da iri. A kuma lura cewa a yawancin motocin Japan da Koriya soket ɗin cajar waya yana mutuwa in an zare makulli, wutar farantin ba za ta isa batir ta nan ba. Sai a jona kai tsaye da fis, ko ta soket ɗin OBD na ƙarƙashin sitiyari, wanda yake da wuta kullum.

Abin da ke hana ni sakin jiki da shi: don farantin ya yi aiki sai motar ta wuni a rana, ranar kuma ita ce ke dafa batir da dashbod da tayoyi. In kana da inuwa ka bar ta ka fita rana saboda faranti, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Wanda dama ba shi da inuwa, motarsa kuma takan yi kwana huɗu biyar ba ta motsa ba, shi ne zai ci riba. Haka muka yi wa Yaya, mitarta ta daina sauka ƙasa da 12.4, in ta je gidan surukanta masu hosh kuma ta tafi da cajata.

Cire kan batir kuwa na mai tafiya ne. Za ka gida Kano ko Damagaram wata biyu, ko lokacin Hajji za a ajiye motar gefe: a cika batirin tukuna, a kwance wayar ragi, wato baƙar, a kauce da ita kada ta taɓa. In ana cire duka biyu, ragi ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Wannan yana tsayar da satar kwamfuta, bai hana batirin zubar da nasa cikin zafi ba, kuma bai ƙara masa komai ba. Ga motar da ake hawa kullum ba shi da amfani.

Canja irin batir

Masu shago sukan ce a sa babba, ko a sa AGM. Babban batir kamar babbar randa ce: in abin da ake zubawa bai kai abin da ake ɗiba ba, za ta daɗe kafin ta ƙafe, amma za ta ƙafe. Ɗan ƙari ba laifi in ya shiga mazauninsa ya ɗauru da kyau, sai dai bai warware komai ba. AGM da EFB, wato ingantaccen batir mai ruwa, sun fi batir na gama-gari saurin karɓar caji da jure zama bai cika ba, wannan gaskiya ne. Motar da ke kashe kanta a bakin fitila ta sake tashi dole ɗaya daga cikinsu za a sa mata, in ta zo da AGM kuma AGM za a mayar, wasu motocin Jamus har sai an sanar da kwamfuta an sa sabo. Amma AGM rufaffe ne, ruwan da zafi ya ƙafar ba ya mayuwa, shi ya sa motoci da yawa suke ajiye shi a but ko ƙarƙashin kujera. A tsohuwar Corolla da batirinta ke gefen inji, a zafin Makka, ban ga dalilin biyan kuɗinsa ba. In ana son ƙari kan na gama-gari, EFB ya fi kama hankali.

Ga Kawu ma na zaɓi mai marufai da ake buɗewa, domin ana iya duba ruwansa duk wata a ƙara ruwan batir tataccen da ake sayarwa a gidan mai, ba na famfo ba, ba na sha ba, ba kuma asid ba. Ko wane iri ka saya, ACDelco ne, Varta ne, Hankook ne, ka nemi ranar da aka ƙera shi. Wanda ya yi wata takwas a kan kanta cikin shago mai zafi ya fara tsufa kafin ya ga motarka. Ka sa a auna shi a gabanka, ka adana takardar garanti. Farin garin da ke taruwa a kawunan batir, musamman a damshin Jidda, yana tare caji, a wanke shi da ruwa da garin bekin soda a ɗaure kan da kyau.

Saura ƙaramar na'urar ishtirak mai batirin litiyom da ake ta saye yanzu. Tana da amfani, tana raba ka da buga ƙofar maƙwabci da sassafe, kuma ga mace mai tuƙi ita kaɗai ina ganin ta cancanci kuɗinta. Amma tayar da mota take yi, ba ta cika batir. Kada a bar ta a cikin motar da ke rana, inda zafin ciki yake iya haura digiri 70, litiyom ba ya son haka. A shiga da ita gida, a riƙa yi mata caji duk bayan wata biyu ko uku.

Gidan Kawu tsohon gini ne mai ɗan hosh, akwai soket kusa da injin wanki, 220. Muka sa kahraba'i ya duba, ya samu allon da aka saka wa motar yana tsotsar wuta ko an kashe, ya gyara jonin. Na kawo caja mai amfiya 5, na ɗaura mata gajeriyar wayar nan mai fis da ake bari a jikin batir, don kada kullum sai an yi fama da kawuna. Babban jikansa, ɗan aji uku a sakandare, shi na koya wa: daren Alhamis bayan isha ya jona, in sun dawo daga asuba ya zare. Kawu ya daina tayar da ita ta yi silo. Da na koma bayan wata shida na auna da safe, 12.6 ta nuna.

Ya ce, "To ɗana, yanzu shekara nawa zai yi?"

Na ce, "Kawu, wannan sai Allah. Amma in ya cika shekara biyu, kafin zafi ya shigo a watan Mayu, mu kai shi a gwada ƙarfinsa da na'urar shago, kada ya tsaya maka da yara a ƙofar makaranta da azahar." Ya sa jikan ya ɗauko alƙalami mai kauri, ya rubuta watan a jikin murfin batirin.